Na ɗauka lafiyata ƙalau har ranar da sirinji ya suɓuce daga hannuna

Assalamu alaikum. Ni nas ce, a Zamfara aka haife ni, nan na yi karatu kuma nan nake aiki har gobe. Na jima ina son rubuta wannan abun amma kunya ke riƙe ni, don mu ma'aikatan asibiti ciwon mutane muka iya faɗi, namu ba mu saba ba. Abin da ya sa na daure shi ne yaran da ke shigowa aikin yanzu, ina kallonsu suna bin hanyar da na bi sak, kuma wallahi ba na son ko ɗaya cikinsu ta kai inda na kai.

Ina firamare mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, a wani ƙauye ta wajen Talata Mafara. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta cika, tana yawan ɗaure kai da ɗankwali tamau tana cewa kanta zai tsage, matan gida na cewa ai alamar ɗa namiji ne. Ranar da naƙuda ta zo sai ta kama jijjiga, aka ce iska ce, aka yi hayaƙi aka yi tofi, kafin a samu motar da za ta kai ta asibiti rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Gwaggona ce ta ɗauke ni ta riƙe. Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya malama ta zo kan darasin jijjigar masu ciki, ta ce hawan jini ne ke kawo ta, awon jini da gwajin fitsari kawai sun isa su nuna ta tun da wuri, na kifa kaina kan tebur na yi ta kuka ƴan ajinmu ba su san dalili ba. Na kawo wannan ne don ku gane cewa ni ba baƙuwar hawan jini ba ce, shi ya maida ni marainiya, shi ya shigo da ni wannan aikin, kuma hannun matan da na ɗaura wa abin awo Allah kaɗai ya san yawansu.

Ban daɗe sosai da kama aiki ba maganar gubar dalma ta taso a 2010, ta wajen Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Yargalma inda ake daka dutsen zinari mai ɗauke da dalma a cikin gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Duk wanda ya yi aikin lafiya a jihar nan lokacin ya ga abin da ba ya mantuwa, yaro ɗan shekara biyu a hannun uwarsa yana jijjiga ido ya kakkafe, wani ya tashi ba ya gani, wani ba ya ji. Ina ganin tun daga nan ma'aunina ya lalace. In ka wuni kana kallon irin wannan, ka dawo gida kanka na ciwo, bakinka ba ya iya kiran abin da kake ji da sunan ciwo. Mara lafiya a wajena shi ne wanda aka shigo da shi ranga-ranga. Ni da na zo da ƙafata na sa fararen kaya ai lafiyayya ce.

Aure ya zo, haihuwa ta zo, aiki na ƙaruwa ma'aikata na raguwa, wasu sun koma birni wasu sun tsallaka Saudiyya ko Ingila, kuma ban ga laifinsu ba. Sai kuma ƴan bindiga. Shekarar 2021 ita ce ba zan manta ba, damina ta zo da amai da gudawa, kwalarar da ta kashe mutum sama da 3,000 a faɗin ƙasar nan kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi kamawa, gado ya ƙare muna shimfiɗa tabarma a baranda muna rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusa da jikin taga, ga kuma masu harbin bindiga ana kawo su kan babur jini ya jiƙe mai goyon da wanda aka goyo. A watan Satumba aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, ba ka iya kiran likita, ba ka iya kiran wanda zai karɓe ka, ba ka iya kiran gida ka ji ko yara sun ci abinci. In wadda za ta karɓe ni ba ta iso ba saboda hanya ba kyau to haka zan haɗa dutin dare da na safe, ba wanda ya tilasta min, kawai ba yadda za a yi ka cire hannu ka bar mutum ruwa na ƙare masa a jiki.

A lokacin ne ciwon kai ya zauna min, ta ƙeya yake tasowa ya riƙe wuya. Na ce gajiya ce. Idona na yin dishi-dishi na ce rashin barci ne. Zuciyata na bugawa da ƙarfi in na kwanta na ce tsoron harbi ne. Kowace alama ina da amsarta a shirye, kuma abin da mutane ba su gane ba ke nan, ilimin da muke da shi shi ke ba mu hujjar kauda kai, wanda bai sani ba zai tsorata ya tafi asibiti, mu kuwa sai mu zaɓo mafi sauƙin dalili mu laƙaba wa kanmu. Aljihun rigata ba ya rabo da farasitamol da daiklofenak, in baya ya riƙe saboda ɗaga marasa lafiya sai in ce wa abokiyar aiki don Allah ɗan soka min allura ɗaya, ta soka, ba kati ba tambaya, mu ci gaba da aiki. Abincin dare taliyar leda ce da maggi biyu da lemon kwalba mai hana barci. Abin awon jini kuwa yana kan teburina, ina ɗaura wa mutane shi tun safe har dare.

Bayan an maido da waya wasu ɗaliban jami'a suka zo da fom suna bincike kan ma'aikatan lafiya. A ciki akwai tambaya ɗaya, wai a ganinka yaya lafiyarka take gaba ɗaya, aka jera amsa biyar, daga mai kyau ƙwarai har zuwa mara kyau. Muna zaune mu da yawa a ofishin Matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, muna cikewa. Ni ta biyu daga sama na zaɓa, kuma ban ji na yi ƙarya ba ko kaɗan, shekara da shekaru ban kwanta asibiti ba in ba haihuwa ba. Ta kusa da ni wadda olsa ke hana ta azumi wasu ranakun ita ma mai kyau ta zaɓa. Wani likitanmu da kowa ya san yana tashi tsakiyar duba marasa lafiya ya je fitsari ya dawo ya sha ruwa kamar ba gobe, shi ta can sama ya ɗauka yana cewa Alhamdulillah. Matiron, wadda muke kira Mama, ta ɗaga biro ta ce "to ni mi zan ce, wanda ya kwana ya tashi ya zo aiki ai sai godiya", ta yi wa mai kyau alama.

Na yi ta tunani daga baya kan me ya sa duk muka amsa haka. Akwai tarbiyya, an koya mana cewa faɗin ciwo kamar raina ni'imar Allah ne. Akwai wancan ma'aunin da na faɗa, na gwada kanka da wanda ke kwance. Amma akwai na ukun da ba mu cika faɗi ba, tsoro. In ka buɗe kati a asibitin da kake aiki, mai rubuta katin ya san ka, na ɗakin gwaji ya san ka, mai ba da magani ya san ka, kafin la'asar labari ya kai har bakin get cewa Sista wance suga gare ta ko Dokta wane an ga abu a jininsa. Likita kuma yana jin in aka san ba shi da lafiya marasa lafiya za su raina shi. Sannan in ka karɓi takardar hutun ciwo ka san sarai wa ka bar wa nauyin, ƴar uwarka ce da ita ma da ƙyar take tsaye. To sai ka ga shiru ya fi sauƙi.

Mama ba ta cika shekara da cike fom ɗin nan ba. Tana alwalar asuba a gidanta ta faɗi, aka kawo ta wajenmu ɓari ɗaya ya shanye baki ya karkace, mu da ta koya wa aiki muka tsaya a kanta hannunmu na rawa. Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Da ƴarta ta zo kwashe kayan ofis aka buɗe durowa sai ga maganin hawan jini, kwali a buɗe an sha kaɗan an bari, ranar lalacewarsa ma ta wuce. Ashe ta sani, ita ta rubuta wa kanta ta saya a kemis, in ta ji kai ta sha in ya lafa ta ajiye. Allah ya jiƙan Mama ya sa aljanna ce makomarta, mace ce da ba ta taɓa barin ƙaramar nas ita kaɗai da gawa ba.

Mun yi kuka, mun ce daga yau kowa zai riƙa awo. Ni ma na ɗauko abin awon a daren sadakar uku na ɗaura a hannuna, sai na ji gabana ya faɗi, na kwance shi ban hura ba. Na ce bari in huta tukun, yanzu ina cikin tashin hankali dole ya nuna sama. Hutun bai zo ba.

Ranar da abin ya same ni dutin safe nake, na zuƙo magani zan yi wa wata tsohuwa allura, kawai sai na ga sirinjin a ƙasa. Ban ji lokacin da ya fita daga hannuna ba. Na sunkuya in ɗauka yatsun dama suka ƙi kamawa, na juya in kira ɗalibar da ke bayana sai na ji harshena ya yi nauyi, maganar na fita amma ba irin tawa ba. Yarinyar ta zaro ido ta ce "Anti bakinki!" Ina jin komai, ina gane komai, kuma na san sunan abin da ke faruwa da ni, wannan shi ne tashin hankalin da ba zan iya kwatanta muku ba. Fuskar Mama kawai nake gani, da autana da ko yaye bai daɗe da yi ba. Suka kwantar da ni kan gadon da na gyara da hannuna da safen nan, aka auna, 210 bisa 120. Wanda ake cewa ya hau daga 140 bisa 90 ne.

Cikin ikon Allah kafin azahar hannun ya fara dawowa, bakin ya daidaita. Likita ya ce irin shanyewar nan ce mai zuwa ta wuce, gargaɗi ce, kuma babbar na iya biyo bayanta a kwanakin farko in ba a tashi tsaye ba. Ɗalibar nan da nake yi wa faɗa kan yadda take riƙe kanula, allurar robar nan da ake sa wa a jijiya, ita ta sa min tawa, tana yi tana hawaye tana cewa "yi haƙuri Anti", ni kuma na juya fuska bango saboda kunya. Kunyar me, har yau in na tuna sai in rasa amsa, amma ita na fi ji a ranar fiye da ciwo, masu jinya na leƙowa suna cewa lah Sista ce a kwance.

Baban yara ya kai ni asibitin koyarwa na Sakkwato. Hoton ƙwaƙwalwa ya fito ba wani babban lahani, na yi hamdala, sai gwajin jini da fitsari ya zo da nasa labarin, ƙodata ta fara taɓuwa, furotin na zuba cikin fitsari, kuma hoton zuciya ya nuna bangonta ya yi kauri. Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce "Sista, wannan ba aikin wata ɗaya ko biyu ba ne, jinin nan ya shekara da shekaru yana sama." Ya tambaye ni magungunan da nake sha, da na ambaci daiklofenak sai ya ajiye biro ya dube ni, ya ce kin san yana ƙara hawan jini kuma yana cin ƙoda, na ce na sani ranka ya daɗe. Ya ce ya san na sani, ba ni ce ta farko ba, ma'aikatan lafiya su ne ke zuwa masa a makare. Da na kawo masa zancen fom ɗin da muka cike, shi ne ya ba ni labarin cewa tambayar nan ba ƙaramar tambaya ba ce, tun 1997 aka tattara bincike 27 aka ga amsar da mutum ke bayarwa kan lafiyar kansa tana hasashen tsawon kwanansa, wanda ya ce lafiyarsa ba kyau ya fi shiga haɗarin mutuwa ko da gwaji bai nuna komai ba tukun. Jikin mutum na gaya masa gaskiya ke nan. Na zauna ina tunanin ofishin Mama da birukanmu, mu jikin ya faɗa mana mun ji sarai, amsar ce muka gyara kafin ta kai takarda.

Da na dawo gida ƴan dubiya suka cika ɗaki, masu cewa jifa ce daga wajen aiki, masu cewa iska ce ta asibiti, aka kawo min rubutu da saiwoyi kala-kala. Rubutun na sha, saiwar na ƙi saboda ƙoda, wasu suka ji haushi. Gwaggo ta bari sai da kowa ya watse ta matso ta kama ƙafata ta ce "ɗiyata, wanzami bai son jarfa, na sani. Amma uwarki ba ta samu mai auna ta ba, ke abin awon na hannunki. In kin tafi wa kika bar ma ƙananan ga?" Ban iya ce mata komai ba. Tunda ta ɗauke ni ba ta taɓa ambatar rasuwar mahaifiyata a gabana ba sai ranar.

Wata ukun farko sun yi min wuya fiye da yadda na zata. Amlodifin, maganin hawan jinin da aka ɗora ni a kai, ya kumbura min ƙafa, abin da nake gaya wa mutane kullum cewa ba komai ku daure ku dawo a duba, sai ga shi ni kaina zuciyata na raya min in ajiye tunda kan ya daina ciwo. A nan na gane marasa lafiyar da nake yi wa faɗa in sun yanke magani. Gishiri an ce kar ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin maggi, to ku duba tukunyar gidan Bahaushe. Sai da na raba miyata da ta gida, daddawa da albasa da citta suka zama abokaina. Da azumi ya zo ban yanke wa kaina hukunci ba, na je na tambayi likita ya duba gwajin ƙoda ya tsara min lokutan shan magani.

Abin da ya fi min ciwo shi ne zuwa neman a cire ni daga dutin dare. Na rubuta takardar na ajiye ta a jaka ta daɗe ban miƙa ba, don na san mu nawa ne kuma na san wadda za ta ɗauki darena tana da goyo. Da na miƙa wasu sun fahimta, wasu sun ɗan canza min fuska, kuma ban riƙe su ba, gajiya ce ke magana. Har yanzu in na fito da yamma na bar su sai in ji kamar na gudu.

Akwai kuma wanda ba a aunawa da na'ura. Tun shekarar kwalara da harbe-harben nan ba na barci mai nauyi, ƙarar babur da dare na tashe ni zumbur, akwai wani yaro da aka kawo an harbe shi a ciki yana kiran innarsa, muryarsa ba ta bar kunnena ba. Ban taɓa lissafa wannan cikin rashin lafiya ba sai da likitan Sakkwato ya tambaye ni yaya barci, kawai na fashe da kuka a gaban baban yara. Ya tura ni wajen masu duba damuwa, na je a ɓoye da farko, yanzu kam ba na ɓoyewa. Nawa ne cikinmu a jihar nan ke ɗauke da irin wannan suna zuwa aiki suna murmushi?

Da na koma aiki na sayi littafi mai bango mai ƙarfi na ajiye a durowata. Farkon kowane wata duk ma'aikacin sashenmu, har masu shara da mai gadi, zai zauna minti biyar ya huta in auna shi in rubuta, ba da suna ba, kowa da lambarsa da ni da shi kaɗai muka sani. Ba wanda ya sa ni, ba takardar ofis. A zagayen farko na samu waɗanda jininsu ke sama ba su sani ba, ciki har da yarinyar da ba ta kai talatin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, ban taɓa kawowa a raina cewa rabin nan har da masu fararen kaya ba. Sharaɗina ɗaya, in ya hau ba zan ba ka ƙwaya a baranda ba, kati za ka buɗe ka ga likita, in kana jin nauyin nan ka tafi Gusau ko wani asibitin da ba a san ka ba. Na kuma matsa kan rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da shi, mu kuma kullum allura na sokar mu a yatsa mu matse mu wanke mu wuce, kuma da na tambaya da yawanmu ta farko kawai suka yi wasu ko ita babu.

Likitan nan mai yawan shan ruwa shi ya fi ba ni wahala. In na tare shi sai ya ce "Sista bari in gama da layin nan", layin da ba ya ƙarewa. Wata rana bayan kowa ya tashi ya shigo ya turo ƙofa ya miƙo min yatsa bai ce komai ba, na soka na ɗiga, lambar da ta fito ta sa ya zauna kan kujera ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce mahaifinsa suga ce ta yanke masa ƙafa, shi ya sa ba ya son gani. Yanzu yana kan magani a hannun wani likitan, ba a hannun kansa ba.

Ni kuma jinina na zama wajen 130 bisa 80 in ban yi wasa da magani ba. Hannun dama ya dawo, sai dai in na gaji yana ɗan yin sanyi, don haka na bar wa yara sa kanular jarirai. Ƙodar ba za ta koma yadda take ba, an gaya min, aikin shi ne a hana ta ƙara lalacewa kar a kai ga wankin ƙoda. Wata mai kamawa zan koma Sakkwato a sake gwajin, kuma gaskiya ina jin tsoro, na sakamakon da na hanyar duka. Don Allah ku sa ni a addu'a, ku sa Mama da mahaifiyata.